Wai Rilin Ne Ke Tsayar da Niyuron? Sharhi a Kan Wani Bayani da Ya Daɗe a Aji

Duk wanda ya karanci yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa a cikin mahaifa ya sha cin karo da wani zane. Za a zana ƙwayar jijiya, wadda za mu riƙa kira niyuron, tana hawa wani dogon zare daga ƙasa zuwa sama. Can sama an shafa wani launi, an rubuta sunan wani furotin, rilin, an kuma yi bayani cewa shi ne alamar tsayawa: da zarar niyuron ta iso ta shaƙi rilin, sai ta saki zaren ta zauna. Haka yake a takardun darasi da yawa, haka yake a bidiyoyin YouTube. Bayani ne mai daɗin koyarwa, ɗalibi zai haddace shi a minti biyu. Matsalarsa ita ce gwaje-gwaje sun fara kwance masa zani tun 2002, kuma har yau ana maimaita shi kamar ba a yi komai ba. Tunda yanzu ne muke fara rubuta waɗannan abubuwa da Hausa, gara mu duba shi da kyau kafin wani ya fassara shi da "danja" kalmar ta zauna daram.

Bari mu fara da abin da babu jayayya a kansa. Ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar da ke lulluɓe da babbar ƙwaƙwalwa, hawa shida ne. Niyuron ɗin da suka cika shi ba a wurin aka haife su ba. Yawancinsu ana haifar su ne can ciki, a bakin wasu ramuka masu ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan su yi ƙaura zuwa waje. A ɓera wannan aikin yana gudana ne kusan daga kwana na 11 zuwa na 17 na ciki, cikin da gaba ɗayansa bai wuce kwana 19 zuwa 20 ba. A 1961 Angevine da Sidman suka yi wa niyuron alama a ranar haihuwarsu, suka bi su suka ga inda suka ƙare. Waɗanda aka fara haifa su ne a hawan ƙasa, na baya kuma su ratsa ta cikinsu su hau sama. Kamar ginin tubali ne, sabo a kan tsoho, sai dai a nan tubalin da kansa yake hawa. A 1972 kuma Pasko Rakic, yana nazarin ƙwaƙwalwar tayin biri, ya nuna abin da suke takawa: wasu ƙwayoyi masu dogon jiki da ake kira gliya, sun miƙe daga ciki har waje kamar igiyar guga.

To ina rilin ya shigo? Ta hanyar wani ɓera ne mai tafiya yana tangaɗi, wanda Douglas Falconer ya bayyana a 1951 a Edinburgh da ke Birtaniya. Sunan da ya ba shi da Turanci ma'anarsa mai tangaɗi, daga nan kuma furotin ɗin ya samo nasa sunan. Da aka yanka ƙwaƙwalwar ɓeran aka ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya, ta tsumbure, hawa-hawan ɓawon kuma sun hargitse. Caviness da Sidman suka nuna a farkon shekarun 1970 cewa tsarin ya yi kama da an kifar da shi: tsofaffin niyuron a sama, sababbi a ƙasa. Sai a 1995 Gabriella D'Arcangelo da Tom Curran da abokan aikinsu suka gano ƙwayar gadon da ta lalace. Tana haɗa wani ƙaton furotin mai amino asid sama da 3,400, wanda ake fitarwa waje. A shekarar dai Ogawa da abokansa a Japan suka nuna cewa ƙwayoyin Cajal-Retzius ne ke ɗauke da shi, kuma waɗannan ƙwayoyi suna zaune ne a can ƙololuwa, daidai inda tafiyar niyuron ke ƙarewa.

Kun ga yadda tunanin ya zo. Abu yana nan a ƙarshen hanya, in babu shi tsari ya lalace, ke nan shi ne mai cewa a tsaya. Ban ga laifin wanda ya yi wannan tunani a 1995 ba. Amma ku lura, hujja ce ta wuri kawai. Ganin mutum a tasha kullum ba ya nuna shi ke tsayar da motoci, yana iya zama mai lodi ne, ko mai sayar da ruwa.

Kuma tun a wancan lokacin akwai abin da bai zauna ba. In da rilin birki ne, ɓeran da ba shi da shi ya kamata niyuron ɗinsa su zarce, su taru a sama. Na farko-farkon kam suna cunkushewa a sama. Amma na baya, waɗanda su ne suka fi yawa, kasa ratsa magabatansu suke yi, sai su maƙale a ƙasa. Motar da birkinta ya tsinke ba ta tsayawa a rabin hanya.

Hujjar gwaji mafi ƙarfi da masu ra'ayin tsayawa suka samu ita ce takardar Dulabon da abokansa daga ɗakin binciken Eva Anton, a mujallar Neuron a 2000. Sun zuba rilin a kan niyuron masu hawa gliya, suka ga tafiyar ta ragu, niyuron suna sakin gliya, suka kuma ce hakan na faruwa ne ta wani furotin mai manne ƙwayoyi da ake kira intagirin. Aiki ne mai kyau a zamaninsa, amma akwai abubuwa biyu. Na ɗaya, zuba furotin da hannu, a adadin da mai gwaji ya zaɓa, a wurin da ya zaɓa, yana nuna abin da furotin zai iya yi ne, ba lallai abin da yake yi a cikin tayi ba. Na biyu, a 2007 Belvindrah da abokansa a ɗakin binciken Ulrich Müller suka cire ɓangaren beta-1 na intagirin daga niyuron kaɗai, suka bar shi a gliya. Hawa-hawan ɓawon suka fito daidai. Sai da aka cire shi daga gliya ne gini ya lalace. Wato ƙofar da aka ce saƙon tsayawa yana shiga ta cikinta, an toshe ta, niyuron kuma ba su ɓata hanya ba.

Gwajin da ni nake ganin ya kamata ya canza zanen shi ne na Magdaleno da Keshvara da Curran a 2002. Curran ɗin nan dai wanda ya gano rilin. Tambayarsu mai sauƙi ce: in rilin alamar wuri ce, me zai faru in aka ɗauke alamar aka kafa ta a inda bai dace ba? Suka ƙirƙiro ɓeran da ke fitar da rilin a can ƙasa, a wurin haihuwar niyuron, wato a farkon hanya maimakon ƙarshenta. In da danja ce, niyuron ba za su ma tashi ba. A ɓera mai lafiya, ƙarin rilin ɗin nan na ƙasa bai canza tafiyar ba. A ɓera mai tangaɗi kuwa, wanda ba shi da ko ɗigon rilin a sama, sai ya gyara wasu abubuwa: tangaɗin ya ragu sosai, kuma wani mataki na farkon gini da kullum ke gagarar wannan ɓera ya yiwu. Matakin shi ne, akwai wata shimfiɗa ta farko da niyuron na sahun gaba suke yi, wadda dole masu biyo baya su tsaga ta biyu su zauna a tsakiya. Ɓera mai tangaɗi ba ya iya tsaga ta. Da rilin a wurin da ba nasa ba, ya tsaga.

Ba a ce komai ya gyaru ba. Jerin hawa-hawan bai dawo daidai ba, kuma masu binciken sun faɗi haka a fili. Saboda haka wurin da rilin yake yana da nasa amfanin. Amma alamar da aka kafa a bayan matafiyi ta kuma taimaka masa ya ci gaba, ai ba za a kira ta alamar tsayawa ba.

Bayan shekara huɗu, a 2006, Yoshida da abokansa a ɗakin binciken Elizabeth Grove a Chicago suka zo ta ɗaya gefen. Suka hallaka yankin da mafi yawan ƙwayoyin Cajal-Retzius ke fitowa, rilin ɗin sama ya ragu ƙwarai. Jerin hawa-hawan ya tsaya yadda yake. A nan ina da ɗan ja da yadda wasu ke amfani da wannan sakamako, domin akwai masu ɗaukarsa kamar ya nuna ƙwayoyin Cajal-Retzius ba su da amfani. Bai nuna haka ba. Ba duka suka mutu ba, kuma akwai rilin kaɗan daga wasu wuraren. Abin da ya nuna shi ne ɗan kaɗan ya isa. Wannan kuwa ya fi kama da izini, irin wanda in an samu an samu, fiye da ma'aunin nisa da niyuron ke karantawa ta san inda ta kai.

To in ba tsayarwa ba, me yake yi? A nan ne labarin ya yi daɗi, domin sai da aka fara ɗaukar hoton niyuron masu rai suna motsi aka gane cewa tafiyar ba iri ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe. Nadarajah da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa ban da hawan gliya akwai wani salo: niyuron ta miƙa dogon hannu ta kama can sama, sannan ta janyo jikinta, ba ruwanta da gliya. Niyuron na farko-farko haka suke zuwa, na baya kuma da haka suke ƙarasa ɗan guntun da ya rage. A 2003 Tabata da Nakajima suka bayyana wani zango a tsakiyar hanya, inda niyuron ke dakatawa, ta fito da hannaye ta ko'ina, tana laluɓe kamar wadda ta shiga ɗaki mai duhu, kafin ta zaɓi gaba ɗaya ta kama gliya.

A 2011 takardu biyu suka fito da suka ɗora rilin a kan waɗannan zanguna. Jossin da Cooper a Seattle suka nuna cewa a zangon laluɓen nan, rilin yana taimaka wa niyuron ta fuskanci sama, ta hanyar wani ƙaramin furotin, Rap1, wanda ke kai furotin mai manni, N-kadirin, zuwa fatar ƙwayar. Wannan yana faruwa ne nesa da ƙololuwa, kuma an riga an nuna cewa ana yanka rilin gunduwa-gunduwa, wasu gutsattsarin suna sauka ƙasa. Franco da abokansa, a ɗakin binciken Müller, suka cire Dab1, furotin ɗin da ke karɓar saƙon rilin a cikin niyuron. Suka ga hawan gliya bai tsaya ba, amma janyo jikin nan ya gagara. Ke nan a wurare biyu daban-daban saƙon rilin na motsi ne: juya ki fuskanci can, kama nan ki ja.

Yanzu sai tambayar da ta rage: me ke tsayar da su? Amsar da ta fi burge ni ta fito ne daga aikin Feng da Cooper da abokansu a 2007. Lokacin da rilin ya taɓa risefta, wato furotin da ke jikin fatar niyuron yana karɓar saƙo, ana kunna Dab1. Amma kunnawar nan ita ce kuma take sa a yi masa alamar shara, wata na'ura a cikin ƙwayar mai suna Cullin 5 ta sa a narkar da shi. Da suka rage Cullin 5, Dab1 ya taru, niyuron suka zarce inda ya kamata su tsaya. Duba da kyau: yawan saƙon rilin ne ya kawo zarcewa. A wannan fahimtar, niyuron tana tsayawa ne saboda saƙon ya cinye kansa, kamar fitilar da ta ƙone mainta. Cooper ya tattara wannan ra'ayi a wata maƙala a 2008, inda ya ce niyuron tana sakin gliya ne ta ƙara gaba, ta wuce waɗanda suka riga ta, kuma da haka ne sabo ke hawa kan tsoho.

Adalci dai, ra'ayin tsayawa bai mutu murus ba. Rilin yana da risefta biyu manya, ApoER2 da VLDLR, kuma tun 1999 aka san cewa in an cire su duka biyu ɓera yana zama kamar mai tangaɗi. Hack da abokan aikinsa suka raba su a 2007. In babu ApoER2, niyuron na baya suna maƙalewa a ƙasa. In babu VLDLR, wasu niyuron suna kutsawa cikin hawa na ɗaya, wanda ya kamata ya zama kusan fili. Wannan na biyun birki ne, babu musu. Haka nan ɗakin binciken Michael Frotscher a Jamus ya nuna a 2009 cewa rilin yana ƙarfafa ƙashin cikin hannun niyuron, ya kafe shi a sama. Sai dai hannun da aka kafe shi ne dai wanda niyuron ke ja da shi. Ƙusar da ta hana igiya motsi ita ce ta ba mai hawa damar hawa. Don haka tsayarwa ɗaya ce daga ayyukan rilin, a zango na ƙarshe, galibi ta risefta guda. Ɗaukar wannan a mai da shi sunan furotin ɗin gaba ɗaya shi ne kuskuren zanen.

Su ma sababbin takardun ba na so a haɗiye su ba tauna. Da yawansu sun dogara da wata dabara: a buɗe cikin uwar ɓera, a zuba DNA a ramin ƙwaƙwalwar tayi, a tura shi cikin ƙwayoyi da ɗan bugun lantarki, a mayar a ɗinke. Dabara ce mai sauri, amma kusan duk abin da ya dami niyuron yana sa ta makara a hanya, kuma makara ita ce abin da ake aunawa. Labarin ƙwayar gadon Dcx ya isa gargaɗi. A mutum lalacewarta tana kawo mummunar matsalar ƙaurar niyuron. A 2002 aka cire ta a ɓera, ɓawon ƙwaƙwalwa ya fito kusan lafiya. A 2003 aka danne ta da gajeren RNA ta wannan dabara, niyuron suka maƙale, aka ce to ga shi. Sai a 2014 Baek da abokansa a ɗakin binciken Joseph Gleeson suka zuba gajeren RNA ɗin a ɓeran da ba shi da Dcx kwata-kwata, niyuron suka sake maƙalewa. Ashe maganin yana taɓa wani abu ne daban. Saboda haka in kuna karanta irin waɗannan takardu, ku duba ko an tabbatar da sakamakon da ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon tun asali. Aikin Franco ya yi haka da Dab1, shi ya sa na fi ba shi nauyi.

Akwai kuma jimlar nan da ake haddacewa, cewa ɓawon ɓera mai tangaɗi a kife yake. Ita ma ta yi sauƙi da yawa. Boyle da abokansa sun bi hawa-hawan da alamomin ƙwayoyin gado masu yawa a 2011, suka ga hargitsin ya bambanta daga goshi zuwa ƙeya, a wasu wuraren niyuron a warwatse suke kawai. Abin mamaki kuma, ɗakin binciken Jochen Staiger ya nuna cewa duk da wannan warwatsuwa, taswirar gashin bakin ɓeran tana nan a ƙwaƙwalwarsa, jijiyoyin da ke kawo saƙo suna nemo niyuron ɗin da suka dace duk inda suka faɗa. Wannan ya taɓa wata tambaya babba, ta amfanin hawa-hawan kansu, amma wannan na wata rana ne.

Ba rilin kaɗai ya sha irin wannan ba. Shekara fiye da ashirin ana koyar da cewa furotin netirin yana yaɗuwa daga tsakiyar lakar baya, zaruruwan jijiya suna bin ƙamshinsa daga nesa. A 2017 ƙungiyoyi biyu suka cire shi daga wannan tsakiyar, zaruruwan da yawa suka iso duk da haka, domin netirin ɗin da aka shimfiɗa musu a kan hanya suke takawa. Mu mutane da alamomin titi muka saba, shi ya sa muke gaggawar ganin su a cikin tayi.

In ni zan rubuta wa ɗalibi jimla ɗaya da Hausa, zan ce rilin saƙo ne da ke canza yadda niyuron ke manne wa abin da ke kewaye da ita, kuma abin da wannan canji zai haifar ya danganta da zangon da take. A tsakiyar hanya ya juya ta, kusa da ƙarshe ya ba ta abin kamawa ta wuce na gabanta, a ƙarshe kuma ta tsaya. Ba ta kai "danja" daɗin faɗi ba, amma ɗalibin da ya riƙe ta ba zai rikice ba ranar da ya karanta gwajin 2002.

Abu na ƙarshe, kusan duk abin da na kawo daga ɓera ne. A mutum, Hong da abokansa a ɗakin binciken Christopher Walsh sun bayyana a 2000 iyalai biyu, ɗaya daga Saudiyya ɗaya daga Birtaniya, inda yara suka gaji lalatacciyar ƙwayar gadon RELN daga uwa da uba. A duka iyalan iyayen dangin juna ne, abin da ya shafe mu tunda auren zumunci ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake cutar ba kasafai ake samunta ba. Yaran suna da farfaɗiya da jinkirin girma mai tsanani, ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ta tsumbure kamar ta ɓeran, ɓawon kuma ya yi kauri ya rasa yawancin lanƙwashe-lanƙwashensa. Wannan na ƙarshen ɓera ba zai taɓa nuna mana shi ba, domin ƙwaƙwalwar ɓera mai lafiya ma sumul take, ba ta da lanƙwasa. Tafiyar da niyuron ɗin ɓera ke gamawa cikin 'yan kwanaki, ta ɗan adam tana ɗaukar makonni, a tsakanin wata na uku da na biyar na ciki, kuma nisan ya ninka sau da yawa. Rilin da ke saukowa daga sama ya isa zangon laluɓe a ƙwaƙwalwar ɓera. A tamu, zangon yana can nesa, kuma wannan tambaya ce da za a amsa da naman ɗan adam ko na biri, ba da zanen da aka yi wa ɓera ba.